Takardar Naɗe Burodi

Na yi shekaru ina sayar da shayi da burodi a Arlit, a bakin hanyar da kar ɗin kamfani, wato bas ɗinsu, ke tsayawa ya kwashi ma'aikata zuwa ramin haƙar ma'adinai. Daga wajen Tasawa na zo ina saurayi, da nufin in sami aiki a kamfanin. Ban samu ba. Karatuna aji shida ne na lakwal, wato makarantar boko, kuma likitan da ya duba mu ya ce ƙirjina ba shi da ƙarfi. Sai na nemi tebur da benci biyu na zauna.

Tun ina yaro ni mutum ne mai yawan kokwanto. Nakan yi alwala in sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Nakan kulle ɗaki in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. In na ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa ba na iya wucewa, sai na ɗauka na kakkaɓe na soka ta a tsagar bango, inda ƙafa ba za ta kai ba. Kakata ce ta koya mini haka, ni kuma na ƙara nawa a kai.

Ma'aikaci ba ya zama ya ci. A yanka masa rabin burodi, a shafa mayonez ko a zuba ƙwai, a naɗe, ya ruga ya shiga kar. Leda tana sa burodi ya yi gumi, ba sa so. Saboda haka takarda muke amfani da ita, kuma maƙwabcina ne yake kawo mini. Mutumin Benin ne, kowa Ɗan Kwatano yake ce masa, ko da yake ya sha gaya mana cewa tsakanin garinsu da Kwatano tafiyar yini ce. Kirista ne. Aikinsa shara da goge-goge a biron kamfani, wato ofishinsu. Tsofaffin jaridun da manya suka gama karantawa, na Yamai da na Faransa, shi yake kwashe su, ya ɗaure da igiya, ya ɗoro a bayan kekensa duk ƙarshen wata. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. In sallarsu ta zo, matarsa takan miƙo mini kaza ta kan katanga in yanka musu, don in an dafa mu ma mu iya ci.

Duk ɗaurin da ya kawo, nakan zauna da rana in bi shi shafi-shafi kafin in yayyaga. Abin da nake nema ɗaya ne, rubutun Larabci. In na gani, ko da kalma ɗaya ce a kan wani gwangwanin talla, sai in ware shafin. Rubutun boko kuwa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A kaina, abin da ake girmamawa da Larabci ake rubuta shi, boko na lissafi ne da takardar likita. Hotuna kuma na hana idona tsayawa a kansu, don jaridun Faransa sukan sa mata ba cikakkiyar sutura. Haka na yi ta dubawa shekara da shekaru, ina ganin na fi kowa kula.

Sai lokacin sanyin nan ya zo, na shekarar da wata jaridar Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da farko mun ji a rediyo an shiga an kashe masu jaridar. Bayan kwanaki muka ji waɗanda suka rage sun sake zanawa. Ranar da na ji, abinci bai shiga bakina ba. Ranar Juma'a aka fita a Damagaram da Agadas, sannan Yamai. An ƙona majami'u, an rasa rayuka. A nan Arlit sojoji suka cika hanya. Ɗan Kwatano ya yi kwanaki bai leƙo waje ba, ni nake saya musu gawayi in miƙa ta katanga.

A teburina ba a wata magana sai wannan. Akwai wani ma'aikacin kuran, wato wutar lantarki, da kamfani ya taɓa aikawa Faransa ƙaro sani, da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Damagaram, mai ɗauko kaya daga Agadas. Su biyun kullum sai sun haɗu.

"A can fa haka suke," in ji mai kuran. "Shugabansu ma suna zana shi da ƙaton hanci, limamansu ma ba su bari ba. Dokarsu ta ba su."

"To su zana ubansu mana," in ji direban. "Wa ya hana su?"

"Suna zanawa."

"Ka ji marasa kunya. Kai don ka je ka ci cukunsu mai wari, shi ya sa kake kare su."

"Ban kare su ba. Abin ya ƙona ni kamar yadda ya ƙona ka. Cewa na yi wanda aka ƙona wa gida a garinku bai ma san an yi zanen ba."

Direban ya ajiye kofi. "Ni ban ƙona komai ba. Amma na fita, kuma in an sake zan fita. Mai shayi, ƙara mini sukari, kana zubawa kamar magani."

Na ƙara masa sukari.

Bayan kamar mako uku gari ya lafa, Ɗan Kwatano ya koma aiki, ya kawo mini ɗauri kamar kullum. Na duba kamar kullum, ban ga Larabci ba, na yayyaga. Na ci kusan rabin ɗaurin. Ranar wata Talata da safe direban ya ce a sa masa ƙwai biyu. Na shimfiɗa takarda, na ɗora burodi, sai idona ya faɗa kan wasu manyan haruffa kusa da yatsana. Ni a hankali nake karatu, harafi bayan harafi, don haka na gama haɗa kalmar kafin in gane abin da na haɗa. Sunan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da rubutun boko. A samansa akwai ɗan ƙaramin zane. Wata jarida ce daban ta ɗauko hoton waccan ta sa a cikin labarinta. Ba zan faɗi abin da na gani ba.

Na zare takardar daga ƙarƙashin burodin, na ninke, na tura aljihun gaba.

"Mai shayi, kunama ce?" in ji direban.

"Takardar ce ba ta da tsabta."

"Yau kuma? Kai da ke wanke cokali ɗaya har ya gaji."

Na ɗauko wata, na tsaya ina karanta ta gaba da baya.

"Lakwal ka koma ko ciniki kake yi? Ba ni abina haka nan."

Ya karɓi burodinsa a hannu ya tafi. Na daɗe ina tunanin ko amsar da na ba shi ƙarya ce. Na ga ba ƙarya ba ce, amma kuma ba ita ce dukan gaskiya ba.

Da kar na ƙarshe ya tashi, na bi bakin hanya ina tsintar duk takardar da aka yar, har wadda iska ta kai jikin wayar shingen kamfani. Wani mai wankin mota ya tambaye ni ko wani abu ya ɓace mini. Ban sami komai ba. Amma yawancin ma'aikata a cikin kar suke ci, su yar a can wajen rami, inda ba ni da ikon shiga.

Azahar ta yi, na rasa yadda zan yi. Ba zan shiga bayi da sunan a aljihuna ba, ba kuma zan tsaya salla da zanen a ƙirjina ba. Na soka ta a tsagar bango inda nake sa takardun Larabci. Ban kai ƙofa ba na dawo na cire, don na ga na ɗaga cin mutunci na ajiye shi wuri ɗaya da ayoyi. Na sa ta ƙarƙashin dutse, sai na tuna sunan yana ƙasa. Na yi tunanin murhuna, amma da wutar nan nake dafa wa mutane shayi, kuma ban san hukuncin sa sunan a wuta tare da wancan abu ba. A ƙarshe na sa ta cikin wani gwangwanin madara wanda ba komai a ciki, na rataye a ƙusa daidai tsayin kafaɗata, ba sama ba ba ƙasa ba. Kwana biyu tana nan. Duk shigar da zan yi ɗaki sai na kalli gwangwanin.

Matata ta lura, na gaya mata. Ta rufe ƙofa kafin ta yi magana.

"Malam, ka jefa ta a wuta ka yi shiru. Duk unguwar nan wa bai san mai kawo maka jarida ba? In maganar nan ta fita, ba kai za a nema ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Ta katanga ina jin ƴaƴan Ɗan Kwatano suna faɗa a kan wanda zai ɗebo ruwa. Amma na kasa. Na ga in na ƙone ba da fatawa ba, zan mutu ban san ko daidai na yi ba.

Akwai wani tsohon malami mutumin Tawa da ke ba da karatu bayan la'asar a ƙofar masallacinmu. Saboda sanyi, kullum da kaskon wuta a gabansa. Ranar Alhamis na sa takardar a aljihu na je na zauna a baya, ina jira a watse. Aka watse, sai mutum ɗaya ya rage, direban nan, yana tambaya a kan sallar matafiyi. Ya kamata in tashi in dawo gobe. Har na dafa ƙasa, malam ya hango ni.

"Mai shayi, tun ɗazu kana murzar hula. Mi ya faru?"

"Allah gafarta malam, tambaya ce a kan wani mutum."

"Wanga wani mutum naka, kullum shi ka aiko ka. Rannan alwala tai, rannan azumi nai. Yau kuma mi ya same shi?"

Direban ya yi dariya. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na ce mutumin ya tsinci takarda ne, a jikinta akwai suna mai daraja, a jikinta kuma akwai zanen nan da ake magana, ya rasa ko ya ɗaga ta ko ya wulaƙanta ta.

Dariyar direban ta tsaya. Ya dube ni, ya dubi aljihuna.

"Takardar ranar Talata," ya ce. Ya miƙe tsaye. "Allah gafarta malam, a kanta zai naɗe mini burodi. Ɗan Kwatano ne ya kawo ta. Shi ke kawo masa jarida, kowa ya sani."

Malam ya juyo gare ni. "Hakanan ne?"

Da ina iya ƙarya, da a nan na yi ta. Na ce, "Shi ke kawowa. Amma daga kwandon shara yake kwasowa, ya ɗaure, ba ya buɗewa. Ni ne mai dubawa, Allah gafarta malam. Ni na duba ban gani ba, don Larabci kawai nake nema."

"Da gangan ne," in ji direban. "Don mu ci abinci a kanta su yi mana dariya. Fito da ita in gani."

"Zamna," in ji malam. "Allah ya tsare maka ido ba ka gani ba, kana roƙon a gwada maka? Zamna na ce."

Ya zauna, amma a kan gwiwoyinsa, kamar mai shirin tashi.

Malam ya zaro reza daga cikin gafakarsa, wadda yake fiƙe alƙalami da ita. Ya ce in juya baya in ninke takardar yadda sunan kaɗai zai fito. Na yi. Ya karɓa, ya yanke wurin sunan a hankali, ɗan siriri kamar yatsa, ya sa a cikin littafinsa, ya ce zai binne shi a wuri mai tsarki tare da tsofaffin takardun masallaci. Sauran bai buɗe ba. Ya jefa a kasko, ya danna da tsinke har ta cinye. Abin da ya hana ni sukuni kwana biyu bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba.

Sannan ya ce wa direban, "Ina takarda?"

"An ƙone."

"To mi za ka gwada ma mutane? Wanda ya zana abin ga yana can ƙasarsu, bai san da kai ba, bai san da Arlit ba. In ka buɗe baki a tasha, kafin magariba ɗiyan mutumin ga ba su da ɗakin kwana. Wanda bai zana ba, bai buga ba, bai ko karanta ba. Kai za a tambaya ranar tsayuwa, ba ni ba."

"Allah gafarta malam, zuciyata tafasa take yi."

"Tawa ta fi taka, na girme ka. Tafi ka yi ta salati har ta kwanta."

Direban ya sa takalmansa ya tafi. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Malam ya bi shi da kallo, sannan ya ce mini, "Kai kuma, da ka bari har ya tafi." Na tashi na nufi gida.

Kafin magariba na leƙa ta katanga na kira Ɗan Kwatano. Yana gyaran sarƙar kekensa. Na gaya masa komai, har da cewa bakina ne ya fitar da maganar. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna a ƙasa. Hausarsa ba ta rarrabe mace da namiji, ranar kuwa ta ƙara karyewa.

"Mai shayi, ni bai karanta shi ba. Ni ɗaure kawai."

"Na sani."

"Matana ya ce mu tafi tun wancan Juma'a. Ni ya ce a'a, nan mutane ya san mu." Ya ɗago kai ya dube ni. "Mutum nawa ya ji?"

"Malam, da direban, da matata."

"Direba wane? Mai sukari da yawa?"

Na ce shi. Ya girgiza kai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Kafin duhu ya sa matarsa da yaran a mota zuwa Akokan, garin ma'aikata da ke kusa da mu, wurin wani ɗan ƙasarsu. Shi ya ƙi tafiya.

Washegari Juma'a ce, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Na fito da tebur ba ko takarda ɗaya, don sauran ɗaurin na ajiye shi sai na karanta kowane shafi. Ina hura wuta sai ga Ɗan Kwatano da kekensa. Na ce masa a hankali ya wuce.

"In ya ɓoye, za a ce ya yi," in ji shi. Ya zauna a benci. "Ba ni shayi."

Ma'aikata suka fara taruwa, suna mita a kan burodi ba naɗi. Can sai ga direban. Ya tsaya, ya ga wanda ke zaune, ya zagaya ya zauna a ɗaya bencin. Bai gaishe shi ba. Na zuba masa shayi, rabi a kofi rabi a tebur. Mai kuran yana nan, da wasu mutum bakwai ko takwas, duk masu jin magana su kai ta rami kafin rana ta yi tsaka. Direban ya sha shayinsa har ya kusa ƙarewa. Na miƙa masa burodi a faranti. Ya dubi farantin, ya dubi hannuna.

"Kai, Ɗan Kwatano," ya ce, ba tare da ya juya ba.

"Na'am."

"A biron naku babu takardar da ba a yi rubutu a kanta ba?"

"Akwai wanda ake naɗo farin takarda a ciki. Shi ma zubarwa ake."

"To ita za ka riƙa kawo wa wannan. Ya fara karanta jarida kafin ya ba mutum abinci, in aka bar shi haka kar zai riƙa tafiya ya bar mutane."

Aka yi dariya, mai kuran ya ce dama ya lura. Direban ya cinye burodinsa ya tashi. Aka yi sallar Juma'a aka watse, ba abin da ya faru. Duk da haka na yi makonni, duk ranar da ya dawo daga Agadas sai na duba fuskokin mutane in ga ko sun ji wani abu. Ba su ji ba. Bai sake zama benci ɗaya da Ɗan Kwatano ba sai bayan watanni, amma bai faɗa wa kowa ba.

Matar Ɗan Kwatano ta dawo bayan kwana goma. Ta daɗe tana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma ban ga laifinta ba. Da sallarsu ta zagayo ta miƙo kazar ta katanga, na yanka.

Sauran ɗaurin na karanta shi duka, ya ɗauke ni kusan wata guda. Na sami sunan a wurare da yawa, a cikin labarai, wani wurin ma sunan wani ɗan ƙwallo ne ko wani minista. Na yanke su duka da reza na kai wa malam, har ya ce in bar kawowa haka nan, na mutane ba sai an binne ba. Na tambaye shi na shekarun baya fa, da na yi ta naɗe burodi ban karanta ba. Ya ce abin da ban sani ba ba a rubuta mini ba. Na yarda da shi, amma nakan koma in yi tunani.

Ɗan Kwatano ya koma ƙasarsu da iyalinsa bayan an rufe ramin Akokan, aiki ya ragu. Ya bar mini keken. Ni ma yanzu na bar teburin, ƙirjin nan ya hana ni tashin asuba cikin sanyi. Rabin ɗaurin farko da na riga na sayar kafin ranar Talatar, har yau ban san abin da ke cikinsa ba. A wannan littafin da nake rubutu kuma ban rubuta sunan ko sau ɗaya ba, don ban san hannun da takardar za ta faɗa ba bayan ni.